Kwalbar da Yaya Ya Tuttular a Mansura

A shekarata ta farko a Doha ina karatun digiri na biyu, mu uku muke haya a wani gida a unguwar Mansura. Babbanmu wani injiniya ne ɗan garinmu. Ya girme ni sosai, don haka Yaya nake kiransa. Shi ya tarbe ni a filin jirgi, kuma ya san gidan iyayena ciki da waje.

A ɗakin bincikenmu akwai wata Bafaransa da muke aiki tare. Ranar da muka kammala wani gwaji da ya ba mu wuya, sai ta miƙo mini doguwar kwalba baƙa. Ta ga na yi turus, ta yi dariya. Ta ce ruwan inabi ne zalla, babu giya ko ɗigo, a wani kanti a Al Gharrafa ta gani. Daga yankin iyayenta yake. Jajayen inabi iri-iri aka haɗa, irin waɗanda ake yin giyar cin abinci da su, sai dai wannan ba a bar shi ya tsima ba. Na juya bayan kwalbar, ga bayani nan da Larabci.

Da la'asar na sayo gasasshiyar kaza na zauna ni kaɗai. Kurɓar farko sai da na yamutsa fuska. Akwai ɗan bauri mai kama harshe kamar na goro, tsami-tsami ya biyo baya, zaƙin kuma can ƙasa yake, ba ya gaggawa. Ƙamshinsa kamar zoɓon da ya dahu ya yi kauri. A kofi na biyu na gane daɗinsa, don yana wanke maiƙon kazar daga baki tas. Na rufe sauran na sa a firij, da niyyar mu sha tare da abokan zamana ranar Juma'a.

Washegari na dawo na tarar da kwalbar a kwandon shara, wayam. Ban ko ajiye jaka ba wayata ta yi ƙara. Umma ce, tana kuka.

"Abin da ka je yi ke nan? Ƙasar Musulmi muka tura ka!"

Na rantse, na sake rantsewa, da ƙyar ta saurare ni. Ashe Yaya ne ya ɗauki hoton kwalbar ya aika wa kawuna, kawu kuma ya kai gida.

Na same shi a falo yana shan shayi hankali kwance.

"Yaya, ka karanta abin da ke jikin kwalbar?"

"Ni ba na jin Faransanci."

"Akwai Larabci a baya. Kuma kai ka fi ni sanin ba a sayar da giya a kantunan unguwa a garin nan."

Sai ya ce, "Ko ma mene ne, ya yi kama da ita. Amanarka aka ba ni. Khalas, magana ta ƙare."

"Ɗakina yana kallon naka. Me ya hana ka ƙwanƙwasa ka tambaye ni?"

Ya ci gaba da shan shayinsa. Mutumin da muke cin tuwo a kwano ɗaya, muke sahu ɗaya a masallaci, ya ga ya fi masa sauƙi ya sa mahaifiyata kuka da ya yi mini tambaya guda. Na roƙe shi ya kira gida ya gyara maganar, ya ce shi bai yi ƙarya ba, hoto kawai ya tura.

Wata na ƙarewa na kwashe kayana na koma Umm Salal wurin wani abokin karatu, duk da nisan. Muna haɗuwa da Yaya a ɗaurin aure ko suna, in gaishe shi don girmansa, ya amsa kamar babu abin da ya faru. Bai taɓa ba ni haƙuri ba. Kawuna kuwa har yau in na je hutu, sai ya ja ni gefe ya yi mini nasiha a kan abin maye.