Hassoumi da Doron Dutsen Hasawna

Hassoumi mutumin Adar ne, daga wani ƙauye kusa da Keita inda gonaki suke maƙale a jikin tsaunuka. A kan duwatsu ya tashi yana kiwo, bai san tsoron bisa ba. Shekarar da fari ya cinye dabbobin gidansu, ya hau kamiyo, babbar motar kaya, tare da Sallaou, ɗan ƙanen mahaifinsa, suka keta sahara har Sabha ta ƙasar Libiya.

A lokacin arzikin fetur ya buɗe garin, ko'ina ka waiwaya gini ake yi. Suka kama ɗaki a unguwar Mahdiya, suna kwaɓa siminti daga safe har la'asar. Suna cikin haka sai Barka, wani direba ɗan Libiya mai Hausar kasuwa, ya zo da labari. Wani kamfani zai kafa ƙarfen sadarwa a ƙololuwar dutsen Hasawna, arewa da Sabha, mota ba ta kaiwa, sai an ɗauki kaya a ka.

"Hassoumi, kai san dutse," in ji Barka. "Zo, aiki akwai."

Sallaou wajen dangin uwarsa ya girma, a fili, ko katanga ba ya son hawa. Amma ya kafe. "Yaya, in ka tafi ni ma na tafi. Ba zan zauna garin nan ni kaɗai ba."

Dutsen baƙi ne ƙirin, kamar an babbake shi, babu ko tsiron ciyawa. Sai an sha hawa sannan a fito kan doronsa, wata 'yar siririyar hanya da mutum biyu ba sa jerawa, dama kwazazzabo, hagu kwazazzabo. Sauran ma'aikata salati suke yi har su ƙetare. Shi kuwa Hassoumi daɗi yake ji, ko da yake bai faɗa wa kowa ba. In ya sauke kaya a ƙololuwa yakan tsaya ya hango dabinon kwari can nesa, ya ja numfashi irin wanda rabonsa da shi tun gida.

Wata safiya iskar kudu mai zafi, wadda Larabawa ke ce wa gibli, ta taso suna tsakiyar doron. Sallaou na gaba, ɗauke da fallen kwanon rufi. Iska ta shiga ƙarƙashin kwanon ta fara juya shi.

"Sake shi!" Hassoumi ya ƙwala ihu. "Sallaou, saki kwanon!"

Sallaou ya waiwayo, idanunsa a waje, ya ƙara ƙanƙame kayan mutane. Iska ta ɗebe su tare.

Allah ya sa wani falalen dutse ya tare shi kafin ƙasa. Hassoumi ya gangara yana dafa duwatsu, ya same shi kwance da ransa, baki duk jini. Ya goya shi, ya ɗaure da rawani, ya hauro da shi, ya bi doron nan da rarrafe, iska na dukansu.

"Yaya, ƙafafuna suna nan?"

"Suna nan, ƙanena. Yi shiru."

"To me ya sa ba na jin su?"

Hassoumi ya ci gaba da rarrafe.

Barka ya kai su asibiti a Sabha. Sallaou ya rayu, amma ƙashin bayansa ya karye, likita ya ce shi da tafiya har abada. Da ya ɗan murmure aka shimfiɗa masa katifa a bayan kamiyon Agadas, wasu 'yan garinsu suka tafi da shi wajen matarsa Kaltoumi. Hassoumi ya tsaya, don yanzu gida biyu ne ke jiran abin da hannunsa zai samo.

Ya koma wurin gini. Ranar farko ya hau tsani da bokitin siminti, bai kai rabi ba jiri ya kwashe shi, sai da mutane suka ɓamɓare yatsunsa daga katako suka sauko da shi. Ya sake gwadawa washegari, haka aka yi. Aka sallame shi.

Daga nan ya nufi ƙauyen Zighan, ya samu aiki a gonar wani dattijo mai suna Hamed, yana ban ruwa yana yankan ciyawar dabbobi. Da lokacin baye dabino ya zo, wato barbarar furensa, Hamed ya miƙo masa igiyar hawa. Hassoumi ya dubi bishiyar, ya sunkuyar da kai.

"Baba, ka yi haƙuri. Duk aikin ƙasa zan yi maka."

Tsohon ya dube shi jim, ya naɗe igiyarsa, bai ƙara tada zancen ba.

A can furfura ta same shi. Matafiya kan kawo masa labari cewa Sallaou na zaune a ƙofar gida yana tufka igiya, kuma kullum yana tambayar yaushe Yaya zai zo. Hassoumi kan ɗaure musu ƙunshin dabino da turmin atamfa na Kaltoumi, ya ce su gaya masa sai baɗi in Allah ya yarda. In sun tafi, sai ya ɗauki fartanyarsa ya koma bakin ruwa, don ya san ba zai iya haɗa ido da Sallaou ba.