Mushe Ya Shiga Aji

Kakata Inna Delu, mahaifiyar babana, ba ta ba da tatsuniya kyauta. A ƙauyenmu na wajen Yekuwa, idan an gama kwashe amfanin gona, sanyi ya fara sauka, sai ta hura wutar kara a tsakar gida bayan cin tuwo, ta juye kwandon gyaɗa a tabarma. Duk mai son labari ya zauna ya yi ɓara. Ni ne kullum a gefenta, don ni take kira maigidanta, tana yi tana ƙorafin ta auri rago.

Tana da nata salon buɗe labari. Cewa take, "Ga wata nan tafe, wa zai tare ta?" Mu kuma mu ce, "Mu ne, ta ƙaraso."

Wadda ta fi zauna mini a rai ita ce ta wani mutum da ba ya son musu. In ya rera waƙa, maƙwabciyarsa, wata mai bakin tsiya, sai ta leƙo ta kan darni ta ce ya tausaya wa masu barci. Da ya gaji, ya ɗora kayansa a jaki ya koma bakin wata tsohuwar rijiya a daji. Can ya sami abokiyar hirar da yake so. In ya leƙa ya ce, "Ni gwani ne?" sai rijiya ta ce, "Gwani ne."

Ana nan, sauran yara sun fara gyangyaɗi, ba abin da suke cewa sai "to, to", sai Inna ta ce, "Rannan ya kwance raƙuminsa..."

Na ɗago kai. "Inna, jaki fa kika ce ɗazu!"

Ta watsa mini ɓawon gyaɗa. "Ashe da mutum a wurin! Na zaci ni ma da rijiya nake hira."

Sannan ta ƙarasa. Wata rana mutumin yana jin ɗumi, wuta ta kama bayan rigarsa. Ya ji ƙauri, ya leƙa ya ce, "Komai lafiya?" Rijiya ta ce, "Lafiya." Allah ya sa maƙwabciyar nan ta zo itace, ta kwarma masa ihu, "Kai sakarai, rigarka na ci!" Ita ta cece shi. Muka yi ta dariya, ni kuwa a lokacin ban ga komai a ciki ba sai wautar mai riga.

Yanzu ni malamin lakwal ne, wato makarantar boko, a wani ƙauye can bayan Guci. Iyalina suna Magarya, sai an yi hutu nake ganinsu. Idan yara suka tashi, manoma suka shiga harkarsu, daga ni sai benci. Kaɗaici ne ya sa na fara rubuta labari a waya, labarin wani malami da aka tura daji kamar ni. Na shiga wani zaure na waya, na masu son littattafan Hausa, yawancinsu mutanen tsallaken iyaka ne. Rezo, wato sabis ɗin waya, ba ya kamawa sai a kan wani tudu bayan lakwal, don haka can nake hawa in tura babi, in rubuta a ƙasa: "Don Allah ku faɗa mini inda na yi daidai da inda na kauce."

Amsa na zuwa kam. Hoton tafi, hoton fure, "Allah ya ƙara basira", "muna jiran ci gaba". Wata ma takan iso kafin a ce mutum ya gama layin farko. Da fari kaina ya kumbura. Daga baya sai in sauko daga tudun nan, ban san me ke damuna ba.

Rannan na tura babin da ya fara da "Mushe ya shiga aji." A wajenmu mushe ake ce wa malamin lakwal, daga Faransanci muka aro. Kullum haka yara ke kirana, ban taɓa jin warin kalmar ba. Sai ga wata mai suna Maman Nusaiba ta rubuto: "Malam, tsaya. Mushe ya shiga aji? Da ƙafarsa? Ko labarin aljanu ne ba ka faɗa mana ba?"

Zaure ya kece da dariya, har waɗanda ban taɓa ganin motsinsu ba. Ni dama akwai zuciya. Na goge babin, na daina turawa, ina jira wani ya ce Malam ina ci gaban. Shiru. Masu fure suka koma zuba wa wasu furensu. Wannan ya fi dariyar yi mini ciwo, har na ƙudura na bar rubutu ke nan, tunda ba wanda ya yi kewarsa.

Wata la'asar na hau tudu don in kira gida, sai ga saƙon Maman Nusaiba ta gefe: "Malam, na tambaya, an ce mini mushe malami ne a wajenku. Ka yi haƙuri, bakina ne. Kar ka cire kalmar, ka dai sa wani a cikin labarin ya bayyana ta. Amma akwai wata: a babin farko ka binne mahaifiyar malamin, sai ga ta a gaba tana dama masa fura. Dawowa ta yi?"

Na koma na duba. Wallahi haka ne. Na binne baiwar Allah da hannuna, na manta, na tashe ta ta yi damu, kuma duk masu yi mini addu'ar basira ba wanda ya gani. Na yi dariya ni kaɗai har awakin da ke kiwo a gindin tudu suka ɗago kai, dariyar kuma ba ta ƙare ba sai da idona ya cika.

Inna ta daɗe da rasuwa. Duk shekarun nan na ɗauka wasa take yi da mu, tana gwada wa ya fi wayo. Sai a kan tudun nan na gane ita ma kaɗaici ne ke cinta. Mijinta ya riga ta gidan gaskiya, sa'o'inta sun ƙare, ga ta cikin jikoki masu gyangyaɗi suna ce mata "to". Ba yabo take nema ba. So take ta san ko akwai wanda ke tare da ita a cikin labarin, kuma ba ta da hanyar sani sai wani ya ce mata ta yi kuskure.

Na rubuta wa Maman Nusaiba: "Ta rasu, Hajiya, ni ne na manta. Me kuma kika gani?"

Saƙon na tafiya rezo ya ɗauke. Na tsaya a nan, hannu a sama da waya, har aka kira magariba.