Kujerar Kushin ta Layin Gaba

Ni dai ban roƙi kowa ya sa ni a wasa ba. Matasan cocinmu a unguwar Romi ne suka rasa wadda za ta fito a matsayin matar da mijinta ya mutu, aka ce ai muryata tana tashi a waƙa. Na yarda ne don saurayina zai zo kallo, kuma bayan Ista mutanensa za su zo gaida iyayena.

Daraktanmu tsohon ma'aikacin masaƙa ne a Kakuri. Ya taɓa fitowa a talabijin sau ɗaya, bai bar kunnenmu ya huta da labarin ba. Shi ya koya mana dokokin dandamali: kar ka ba 'yan kallo baya, kar ka tare abokin wasanka, ka jefa murya har mai gyangyaɗi a bencin ƙarshe ya farka. Duk na iya, sai ɗaga kai. An raine ni da sunkuyawa a gaban mutane.

"Sista, allura kika yar?" in ji shi. "Ɗago mana! Zaɓi wuri ɗaya cikin 'yan kallo, ki kafa masa ido, ki zuba masa layinki. Haka manyan 'yan wasa ke yi."

A rihazal, wato lokacin gwaji, cocin wayam yake, sai na zaɓi kujerar kushin da ke tsakiyar layin gaba. Kullum zan taka zuwa bakin dandamali, in nuna ta da yatsa, in ce, "Kai da ka cinye gonar marayu, Allah na ganinka!" Darakta har tafi yake min. Dukkanmu mun san kujerar babban baƙo ce, amma babu wanda ya tuna.

Ranar wasa, da aka ba ni alamar shiga, na taka, na ɗago kai. Baban saurayina ne a kan kujerar, dattijon coci, da hularsa a gwiwa. Na gan shi sarai, amma jiki ya riga ya haddace. Yatsa ya tafi, murya ta bi shi har bencin ƙarshe.

Ashe akwai tsohuwar magana a ƙauyensu kan gonar ƙanensa marigayi. Ni ban taɓa ji ba, amma duk mai furfura a wurin ya sani. Can wata daga cikin matan zumuntar coci ta ce, "Uhm!" Baba ya ɗauki hularsa ya fita.

Na sami darakta a bayan labule ina kuka. Ya ce, "Ni wuri na ce ki kalla, ban ce mutum ba." Ya juya ya ci gaba da karɓar hannun masu yaba masa. Har yau in na tuna raina ɓaci yake.

Saurayina ya zo da saƙo ɗaya: "Baba ya ce ki faɗi wanda ya aiko ki." Na je har gidansu na durƙusa, kaina a ƙasa yadda aka raine ni, na rantse wasa ne kawai. Baba ya ce ai ya ga idona, wancan ba idon wasa ba ne.

Ista ta wuce, mamata ta share tsakar gida ta aro kujeru, babu wanda ya zo. Shekara na zagayowa aka ɗaura wa saurayin nawa aure da wata a cocin nan, ni ina cikin mawaƙa.

Darakta yana nan yana koyar da sababbi. An ce har gobe da ni yake ba su misalin kafa ido.