Babban Yatsan Kawu Mahaman

Duk wanda ya san Kawu Mahaman a Tanout ya san ba da fuska yake fara gaisuwa ba. Kana tsayar da mota a gindin aduwarsa, kana miƙa hannu, shi ya riga ya durƙusa gaban taya, ya rufe ido, yana bin bakin janti da babban yatsa. Janti, ga wanda bai da mota, shi ne ƙarfen da taya ke zaune a kai. Na alminiyom mai ƙyalli shi ne sana'ar Kawu: ya goge ƙarzuwa, ya cike ɓalli, ya fesa fenti. Sai ya zagaye ƙafa huɗu zai ɗago ya ce, "Af, ashe kai ne! Ina kwana?"

Ƙanen mahaifiyata ne, kuma akwai ranar da na tabbata ya raba ni da aikina. Amma ku fara tuna irin mutumin.

Ba ya taɓa janti sai an faɗa masa gaskiyar abin da ya same shi. Wani Alhaji dillalin shanu ya kawo motarsa, ya ce yara ne suka karce da kara.

"Yara masu siminti a hannu?" in ji Kawu. "Wannan dakalin masallaci ne, Alhaji. Da baya kake tafiya, kuma waya kake yi."

"Subhanallahi! Wa ya gaya maka maganar wayar?"

"Sau biyu ka goga. Mai hankali a jikinsa sau ɗaya yake gogawa."

Ga sanfefa kuma, takardar gugar nan. Kawu bai taɓa yar da ko ƙyalle ɗaya ba. Yana jera su a gwangwanayen tumatir bisa tsufa, don a cewarsa sabuwa cizo take yi, tsohuwa ce ke lallashi. Wadda ta fi duka laushi, ta gugar ƙarshe, Hajiya yake kiranta. Wata rana matarsa, Inna Hadiza, ta ga tsumman takarda ta hura wuta da ita.

"Shekara shida ina renonta!" in ji Kawu. "Hadiza, tuwon ya yi daɗi kuwa?"

Kwana uku yana karɓar gaisuwar ta'aziyya, kuma wallahi akwai direbobin da suka je.

To, ga tawa. Wata uku da ɗaukata aiki a gidan rediyo, aka tura ni kasuwar Belbeji ɗauko muryoyin makiyaya. Direba ba lafiya, sai direktanmu ya ba ni makullin kat-kat, babbar motar ofis, ya tuna mini cewa wanda ya riga ni, a kan motar nan aka sallame shi. A hanyar dawowa na goga dutse a bakin wata ƙorama. Ƙarzuwa a janti kamar tsawon yatsa. Ban bi ta ofis ba, na zarce gindin aduwa, na faɗi gaskiya tun kafin a tambaye ni.

Kawu ya bi wurin da yatsa. Ya sake bi. Sannan ya ɗauko cokalin shayinsa ya ƙwanƙwasa jantin, ya kara kunne.

"Ba zan shafa ba. Je ka kira mai motar."

"Kawu, korata za a yi!"

"Je ka kira shi."

"Ni fa ɗan yayarka ne."

"Shi ya sa."

Na roƙa, na ambaci sunan mahaifiyata, ya ci gaba da kurɓar shayi. Haka na tafi ina lissafin abin da zan ce a gida.

Direkta ya iso fuska a ɗaure. Kawu bai dube shi ba. Ya kwance tayar, ya wanke cikin jantin da sabulu, ya juya shi wajen rana. Can a ciki, inda ido ba ya kaiwa, ga tsaga siririya kamar gashi. Ya sa allura ya tono baƙar laka busasshiya, ya zuba a tafin direkta.

"Ranka ya daɗe, yaushe rabon mu da ruwan sama?"

"Wata bakwai ke nan."

"Yaron nan watansa uku a wurinku. Ƙarzuwar tasa ce, kada ka yafe masa ita. Tsagar kuwa ta sha damina, taka ce. Da na rufe da fenti, ranar da za ta buɗe a hanyar Damagaram, ku nawa ne a ciki?"

Direkta ya daɗe yana kallon lakar. Sannan ya ce da ni, ba tare da ya juyo ba, "Gobe kai ke karanta labaran safe. Kada ka makara."

Direkta ya tafi. Kawu ya ce, "Sau ɗaya ka goga. Da sauran hankalinka. Miƙo mini sabulun."

Ranar jana'izarsa motoci suka cika layin har bayan aduwar. Na tsinci kaina ina bin su da ido ƙasa-ƙasa, yadda yake yi. Na san yawancinsu sun bi ta ƙarƙashin yatsan nan, amma ban iya nuna wuri ɗaya da ya taɓa ba.

Allah ya jiƙan Kawu Mahaman. Allah ya shafe masa kurakuransa yadda yake shafe namu, shafewar da ba ta barin alama. Amin.