Kwana Ukun da Baba Haladu Ya Yi Yana Jirana a Hanyar Aujara

Baba Haladu ya rasu.

Da safen nan labarin ya iske ni, ina tsugune ina wanke mota a ƙofar gida. Tsohon masinjan ofishinmu ne ya kira, ya ce ai tun jiya da la'asar aka kai shi makwancinsa a Ringim. Tun jiya, ni kuwa ina nan Dutse ban sani ba. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Na ajiye soson na shiga mota na zauna. Na rasa wanda zan kira in yi wa ta'aziyya, don bai bar mata ba, bai bar ɗa ba. Shi ya sa na zo nan nake rubutu, duk da na san yawancinku ba ku san shi ba.

Tun jihar nan tana sabuwa muka fara aiki tare. Ofishinmu na da wani jirgin ruwa mai inji, wanda ake kaiwa duk inda ambaliya ta yanke hanya, a tsallaka da ma'aikatan lafiya da magani. A kan wata 'yar tirela mai taya biyu ake ɗora shi, in ja da tsohuwar jif. A tudu ni ne direba, a ruwa shi ne.

Ni fa tsoron ruwa nake kamar akuya. Ya gane tun ranar farko, bai kuma taɓa faɗa wa kowa ba. In za mu shiga jirgi a gaban mutane sai ya miƙo hannu ya ce, "Garba, riƙe ni, gwiwar nan tana damuna." Gwiwarsa kuwa lafiyarta ƙalau.

Duk tafiya da busasshen kifinsa a ƙunshe cikin jarida, kuma ni yake tura wa tsokar.

Akwai abin da na yi masa, yau zan faɗa.

Daminar shekarar da aka fara shari'a ce, ina da wata ɗaya da aure. Aka ce mu kai jirgi wajen Miga. Kafin mu tashi ya leƙa ƙarƙashin tirela, ya nuna mini tsaga a babban ƙarfen sifirin, wanda sauran ke jere a ƙarƙashinsa. Ya ce, "Sifirin ba ya son wuta. In ka yi masa walda, gefen waldar zai karye. A nemo wani." Na ce to. Yana ba da baya na ja tirela wajen mai walda, aka ɗige wurin, na shafa baƙin mai a kai. Sauri nake mu je mu dawo.

Kwana tara muka yi a can. A hanyar dawowa muka ratso ta burji wajen Aujara, na faɗa wani rami, sai ji muka yi ƙas! Tirela ta karkace, taya ta koma baya tana gugar ƙarfe, jirgi ya jirkice kamar zai sauka.

Ya sauko ya tsuguna, ya shafa wurin da yatsa, ya ga waldar. Na jira faɗa. Abin da ya ce kawai shi ne, "Kawo jak."

Ya saro guntun icce ya cusa tsakanin ƙarfen tayoyin da jikin tirela, ya naɗe da robar tsohon tib tamau. A haka muka lallaɓa har gindin wata tsamiya, nesa da gari, ba gida ko ɗaya a kusa. Muka kwance sifirin. Ya karyo karan dawa ya auna tsawon ƙarfen daga wannan maratayin zuwa wancan, ya ba ni.

"Ka tafi da karan nan, kada ka yarda da idon mai sayarwa. Ka nemi na akori-kura, a rage masa tsawo. Ni zan zauna da jirgi, kada a kwance injin. Yaushe zan sa ido?"

Na ce, "Gobe da hantsi, in sha Allahu."

A yammacin ranar na sami ƙarfen, wurin wani maƙeri a Dutse da ya ajiye shi zai ƙera garma. Washegari da safe ya yanka ya huda, na gwada da kara, daidai. Da hantsi ya kamata in kama hanya.

Ban kama ba. Amarya ta dafa shinkafa, na ce bari in ci. Na ci, na ce bari rana ta yi sanyi. Da yamma hadari ya haɗo, na ce ai hanya ta ɓaci. Kashegari ma na samo wani dalilin. Lokacin ba wayar hannu, ba mai tambayata, na kuma ce a raina ai aiki ya ƙare, ba mai jiran jirgi. Na manta akwai mai jirana.

Rana ta uku na koma.

Daga nesa na hango shi tsaye cikin jirgi a busasshiyar ƙasa, yana kwarfe ruwan sama da ƙwarya, don kada nauyi ya ture jak. Ya kafa tamfol a gefe guda, nan yake kwana. Sauro ya yi masa kaca-kaca da ƙafafu, muryarsa ta dishe. Kifinsa ya ƙare tun rana ta farko, wasu mata masu tallar nono ne ke ratsowa su dama masa fura. Ya ce manoma in sun zo wucewa sai su ce, "Baba, kogin kake jira ya zo ya same ka?"

Na ce masa ƙarfen ne ya yi wuya, sai da na je Kano.

Ya dube ni daga sama har ƙasa. Ya karɓi ƙarfen ya ɗora karan a kai, ya ce, "Ya yi. Sannu da wahala, Ango." Muka ɗaura muka taho. A ofis da aka tambayi dalilin jinkiri, shi ya riga ni magana, ya ce irin wannan ƙarfen da damina wuyar samu gare shi.

Muka ci gaba da aiki shekaru, ya yi ritaya ya koma Ringim. Abin yana cina, amma kullum sai in ce wata rana zan gaya masa.

Bara bayan ƙaramar salla na bi ta Ringim za ni ɗaurin aure. Na same shi a wani ɗaki a gidan ɗan wansa, shi kaɗai, yana gyaran tsohuwar komar kamun kifi da ba mai shiga ruwa da ita. Na zauna na ce, "Baba, ka tuna tsamiyar Aujara? Ban je Kano ba. A gida na kwana. Ka yafe mini."

Ya yi dariya har da tari.

"Ai na sani. Wa ya taɓa dawowa daga neman ƙarfe da riga a goge, tana ƙamshin turaren wuta?"

Na ce, "To me ya hana ka magana?"

Ya ce, "Kai kana da mai jiranka a gida. Ni tun da matata Hajara ta rasu, ɗakina da gindin tsamiyar nan duk ɗaya ne. Na yafe tun a wurin." Sannan ya ce, "Sai dai rana ta biyun nan ta yi tsawo, Garba. Duk ƙarar mota sai na miƙe."

Abokan tafiyata suka fara yi mini hon a waje. Ya riƙe hannuna, wannan karon da gaske gwiwar ce, ya rako ni har zaure.

"Ka zo ranar da ba ka sauri, ka kwana. In sa a samo mana tarwaɗa."

Na ce, "Mako mai zuwa, in sha Allahu."

Ban koma ba. Daga Dutse zuwa Ringim, ga mota a ƙofar gidana, ga waya a aljihuna. Na farko ya yafe mini da bakinsa. Wannan ban san wa zan roƙa ba.

Allah ka jiƙan Baba Haladu. Ka yafe masa kamar yadda ya riƙa yafe wa mutane ba tare da an roƙe shi ba. Ka haskaka kabarinsa, Ka yalwata masa, Ka ɗebe masa kewa a cikinsa, don ya sha zaman kaɗaici a duniya.

Don Allah duk wanda ya karanta, ko ba ka san shi ba, ka sa shi a addu'a yau. Ba shi da ɗan da zai riƙa yi masa. Ni yanzu zan kama hanyar Ringim, in tambaya a nuna mini inda aka sa shi.