Kwalin Sagir da Na Kai wa Mai Ta'amiyya

Shekara huɗu ke nan cif da muka binne Sagir a Alƙahira, kuma har yau ban faɗa wa iyalinsa gaskiya game da kwalinsa ba. Zan faɗa yau a jarida, don ba ni da ƙarfin halin faɗa a waya.

Mu shida muka zauna gida ɗaya a unguwar Hayyin Ashir, duk ɗaliban shari'a. Kowa tafsiri da fiƙihu ne a kan gadonsa. Sagir kuwa yana da kwali a ƙarƙashin nasa, cike da tsofaffin littattafan yara na zamanin yaƙi, ƙanana masu shiga aljihu, takardarsu ta yi ja. Labarin wasu 'yan'uwa uku ne masu kai wa sojoji saƙo, kowane littafi da sabuwar kasada. Duk Juma'a sai ya hau jirgin ƙasa na metro zuwa Wustul Balad, tsakiyar birni, ya yini yana tona tulin tsofaffin littattafai, yana neman lambar da ba shi da ita.

Ba mu raga masa ba. Janar muka sa masa. In ya shigo sai mu miƙe mu sara masa, ni ne kan gaba. "Janar, an ci garin kuwa?" Shi dai sai ya yi murmushi ya ce, "Ma'alish, ba komai, Malam Habu, kowa da kiwon da ya karɓe shi." A cikinmu babu wanda ya taɓa buɗe ko guda ɗaya.

Zazzaɓin kwana biyar ya ɗauke shi, a watannin da gari ke cikin rikici. Al'adarmu in ɗalibi ya rasu, dattawan ɗalibai kan zo su raba littattafansa sadaka, sauran kayan a ba mai tafiya gida. Kafin su iso na janye kwalin. Na ce wa kaina suturta shi nake yi, kada a ce magidanci mai neman ilimi ya mutu a kan tatsuniya. Ƙarya nake yi. Kunyar kaina nake ji, kada a ce da irinsa nake zaune. Na kai wa mai ta'amiyya, wato ƙosan Misirawa, na bakin layinmu, wanda kullum yake neman takardar naɗi. Ya ɗaga ya ji nauyi, ya ce, "Tamam, ya yi."

Bayan kwana uku na sayi karin kumallo, aka naɗe mini a wani shafi da mai ya jiƙa. A gefensa na ga rubutun Sagir da biro, Hausa ce, ya fassara labarin layi bayan layi. Can ƙasa ya rubuta: "Nana, tsaya nan, sai gobe mu ci gaba." Nana 'yarsa ce, ya baro ta tana goye. Na koma a guje. Mutumin ya nuna mini bangwayen littattafan a kwandon shara. Shafi goma sha ɗaya na ceto, babu biyu masu bin juna.

Da Sagir zai leƙo gidan yau, zai tarar da masu sara masa kwance suna kallon fim ɗin yaƙi a waya, kuma babu mai kiran wani Janar. Laifi tudu ne. Na san murmushi kawai zai yi, kuma wannan ya fi ci mini rai.

Nana ta fara haɗa baƙi bana. Bayan Sallah mahaifiyarta ta sake kira na, karo na uku ke nan. "Malam, Baban Nana ya ce yana haɗa mata wasu littattafai, har yanzu ba a gan su ba?" Na ce sun salwanta a rikicin nan. Ta ce, "Allah ya saka da alheri, kun yi ƙoƙari." Na amsa da amin, ban ji kunya ba.

Tafsiransa da aka raba, na ga biyu a kan allon taga sun yi ƙura. Abin da ya yi da hannunsa don mutum ɗaya tak, mutanen unguwa sun goge hannu da shi sun yar. Abin da ya rage na Sagir shi ne shafukan nan masu warin mai, kuma na ba mai tafiya Kano ranar Asabar ya kai. Maman Nana, ba rikici ba ne, ni ne. Ki karanta mata su yadda suke. In ta zo wurin da ya ce sai gobe, ta tambayi ina sauran, ki faɗa mata sunana.