Ranar da Dorina Ta Tare Mu

Jiya warin lakar fadama ya tuna mini da surukina, shekara guda da rasuwarsa. Ba ya taɓa fartanya sai ya yi addu'a, yana ambaton 'ya'ya da jikoki ɗaya bayan ɗaya.

Wata rana muna dawowa daga gonar shinkafa wajen Lafagu, dorina ta ɗago kai dab da kwalekwalenmu. Na ji hucinta a fuskata. Na ƙanƙame jaririyata har ta fasa kuka.

"Baba, mutuwa za mu yi?"

"Kada ki motsa, ɗiyata."

Yana tuƙi da filafili, bakinsa na jera sunayenmu, har muka taɓa gaɓa.

Har yau ina tsoron kogin nan. Allah Ya jiƙan Baba, Ya ƙetarar da shi lafiya.